Ranar da Karan Kawu Iro Ya Koma Ƙara

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba bayan an gama girbin dawa, ranar da na tsaya a tsakiyar zauren dagacin garinmu cikin farar shadda, na tona wa kaina asiri da ɗan yatsana. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na ciro wayar, ni na danna.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Ɗanbatta, irin wanda gona ke manne da gona, idan ka yi atishawa a taka maƙwabci zai amsa maka daga tasa. Na karanci ilimin kwamfuta a jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo gida na zauna fiye da shekara ina gyara wa mutane waya (yawanci gyaran bai wuce in kashe in kunna ba, amma nakan ɗan ɓata fuska tukuna don a ga aikin da wuya). Ana nan sai wata ƙaramar ƙungiya mai taimaka wa manoma ta ɗauke ni aiki. Daga ranar sunana na yanka ya ɓace a gari, kowa Injiniya yake ce min, ni kuma ban taɓa hana kowa ba.

Ƙungiyar ta kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, muka sa mata suna Wakili. Manomi zai yi magana a wayarsa yadda ya saba, Wakili ya saurara, ya je ya aikata. To amma Wakili ba shi da hannu, ba shi da ƙafa. Abin da yake da shi kayan aiki ne da aka jera masa a cikin manhajar: wannan na duba hasashen ruwan sama, wancan na kiran malamin gona, wani na likitan dabbobi, wani na neman motar ɗaukar kaya. A ƙarƙashin kowanne akwai ɗan bayani da ke gaya masa amfanin abin da kuma lokacin da ya kamata ya ɗauke shi. Wakili bai taɓa ganin gona ba, bai san warin taki ba. Abin da aka rubuta masa shi ne iyakar saninsa. Kamar ka tura baƙo ɗaki ya ɗauko maka magani a cikin kwalabe iri ɗaya, rubutun jikin kwalba zai bi, ko da mahaukaci ne ya rubuta.

Ni aka ba aikin rubuta bayanan da Hausa. Ni kuma aka ba aikin gwada su.

Shugabata a wurin aiki Malama Rabi ce, a Kano take zaune. Mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma wannan ya fi faɗa ban tsoro. Ranar da ta ba ni aikin ta ce, "Rubutun ba shi ne aikin ba, gwajin ne aikin. Ka zaga gari ka zauna da manoma, ka ji yadda suke faɗin buƙatarsu da bakinsu. Ka ba Wakili maganganun yadda suke, ka duba ko kayan aikin da ya dace ya ɗauka. Duk inda ya ɗauki wani daban, kada ka yi saurin zarginsa, ka koma ka karanta abin da ka rubuta masa."

Na ce, "An gama, Malama."

Ga yadda aka gama. Wata safiya na zauna a bencin mai shayi na rubuta bayanan duka a waya, kafin indomi ta dahu na kai rabinsu. Wayata tana da haruffa masu lanƙwasa, su ƙ da ɗ da ɓ, amma sai ka danne harafin ka ɗan jira kafin su fito. Ni kuma ba na jira. Ai haka kowa ke rubutu a waya, mai karatu ya gane da kansa. Da na zo gwaji kuwa, sai na ga zaga gari wahala ce kawai. Ni ba ɗan garin ba ne? Wace magana manomi zai yi da ban sani ba? Sai na zauna na ƙirƙiro tambayoyin da kaina, ina kallon bayanan da na rubuta ina kwaikwayo. Ɗaya daga ciki ita ce, "Ina buƙatar hasashen yanayi na gobe." (Tun da aka kafa garinmu babu manomin da ya taɓa furta wannan jimlar. Cewa suke, "Ya kake ganin sama?") Wakili ya cinye duka. Ni na shirya jarrabawa, ni na ba da satar amsa, ni na yi maki. Na cike takardar rahoto na rubuta babu kuskure.

Malama Rabi ta kira ni. "Babu kuskure ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Malama."

Ta ce, "To." Ni a lokacin na ɗauka mamakin ƙwazona take.

A cikin kayan aikin akwai guda biyu da labarin nan ya rataya a kansu. Ɗaya na haɗa mai karan dawa ko harawa da mai neman su don dabbobi. Ɗayan kuma dagaci ne da kansa ya roƙa a sa: na shigar da ƙara, idan shanu sun yi ɓarna ko an ci iyakar gona. Shi wannan kai tsaye yake tura magana wurin magatakardan dagaci, a sa rana, a aika wa ɓangarorin biyu.

Yanzu bari in kawo Kawu Iro, yayan mahaifiyata, Inna Hajara. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, yana da shanun huɗa biyu da yake ji da su kamar 'ya'ya. Gonarsa tana iyaka da ta Malam Sa'idu, kuma a kan iyakar akwai wata tsamiya da kowannensu ya rantse kakansa ne ya shuka. Tun ina firamare ba sa gaisawa. Idan sahu ya haɗa su a masallaci, ɗaya zai tuna bai gyara takalminsa a waje ba. To a wannan kakar matar Malam Sa'idu ta rasu. Kawu ya sa hula ya je gaisuwa, suka yi musabaha a gaban mutane, gari ya kwana yana zancen.

Dawar Kawu ba ta yi kyau ba a shekarar, karansa ba zai kai shanun ko'ina ba. Malam Sa'idu kuwa ya daɗe da rabuwa da dabbobi, ga kara nan tsibi a gonarsa. A wurinmu neman kara a hannun maƙwabci ba roƙo ba ne, wata hanya ce ta cewa ni da kai babu komai. Kawu yana so ya nema, bakinsa ya yi nauyi. Ya zo gidanmu ya zauna yana ta kewaye-kewaye da Inna, ko za ta aika ta wajen mata. Ina gefe ina ji, sai na tsoma baki.

"Kawu, ai an wuce wannan zamanin. Gaya wa Wakili kawai, shi zai isar."

Ni na yi masa rajista da hannuna, suna da shekaru da unguwa. Ni na riƙe masa wayar. Ya gyara zama, ya gyara murya kamar mai shirin magana a rediyo, ya ce, "Salamu alaikum. Ni ne Iro. Ina da maganar kara a gonar Malam Sa'idu. A isar, amma a bi hanyar da ta dace, kada abin ya zama raini."

Bayan la'asar amsa ta zo: an isar da maganarka, an sa ranar Laraba da hantsi a ƙofar gidan dagaci.

Kawu ya dube ni. "Ɗan Hajara, me ya kai kara ƙofar dagaci?"

A nan ne ya kamata in buɗe manhajar in duba. Minti biyu zai ɗauke ni. Amma Inna tana kallo, Kawu yana kallo, kuma Injiniya ba ya cewa bai sani ba. Sai na ce, "Ai Malam Sa'idu ne yake so a yi abin a gaban manya, a shaida kun shirya." Wallahi a take na ƙera ta, ko tuntuɓe harshena bai yi ba.

Kawu ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago ya ce, "Sa'idu ya fi ni."

Ranar Laraba Kawu ya wanke shanunsa, ya ɗaura musu amalanke, ya sa babbar rigar da yake zuwa Idi da ita, ya sayi goro fari ya ƙulle a ganye. Ni kuma na ɗauko farar shaddata, don na shirya ɗaukar hotuna in sa a rahoto: fasaha ta sasanta dattawa biyu. Har taken na riga na rubuta. Muka tafi, shi a gaba yana jan shanu, ni a baya ina ɗage ƙafar wando.

Tun daga bakin zaure na ga abin bai yi kama da bikin sulhu ba. Malam Sa'idu yana zaune a gefe guda da 'ya'yansa maza biyu, da wasu tsofaffi uku da aka ɗauko daga unguwarsu, ɗaya ma sai da aka riƙo shi. A cinyarsa akwai wata tsohuwar takarda a naɗe cikin leda. Kawu ya yi sallama da fara'a, ya miƙa hannu. Malam Sa'idu ya ba shi kan yatsu, ya kau da kai.

Dagacinmu tsohon hedimasta ne, kuma kafin ya zama hedimasta Hausa yake koyarwa. Ni kaina ya koyar da ni a aji huɗu. Ya zauna, aka yi gaisuwa, ya ce wa magatakarda ya karanta abin da ya tara mu.

Magatakarda ya buɗe littafi ya karanta: "Malam Iro ya shigar da ƙara a kan gonar Malam Sa'idu."

Kawu ya waiga baya, ko akwai wani Iron da ya shigo bayansa.

Malam Sa'idu bai jira an ba shi dama ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko arba'in ba a yi ba da rasuwar iyalina. Mutumin nan ya zo har gida ya yi min gaisuwa, na ce alhamdu lillahi, Iro ya sauko. Ashe zuwa ya yi ya ga ko na yi laushi. To ga shaiduna, ga takarda. A yi ta ta ƙare yau."

Kawu ya ce, "Ni kara na ce."

"Ai shi ne muka zo."

"Kara, Sa'idu. Karan dawa. Ga shanuna can a waje da amalanke. Wa ka taɓa gani ya zo shari'a da amalanke?"

Aka shiga kallon-kallo. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Malam Sa'idu ya leƙa waje ya dawo ya ce lallai akwai amalanke, har da igiya. Dagaci ya sauke tabarau ya nemo ni da ido a inda na rakuɓe.

"Injiniya, kai ka kawo mana abin nan. Taso ka yi mana bayani."

Jama'a, ko a nan ƙofar tsira a buɗe take. Da na ce, ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in bincika, da an tashi da ɗan guntun mutuncina. Amma sai na miƙe, na gyara hula, na buɗe lacca. Na ce ai irin waɗannan na'urori a ƙasashen waje ake ƙera su, ba su san Hausa ba, ba su san al'ada ba. Na ce kunnensu ba ya rarrabe harafi da harafi. Na yi amfani da kalmomin Turanci guda uku da ni kaina ban tabbatar da ma'anar ɗaya ba. Na ga tsofaffi suna gyaɗa kai, sai daɗi ya kwashe ni. Na ce, "Ni dai ɓangarena na gwada shi, babu kuskure ko ɗaya, a rubuce yake. Bari ma in kira shugabata daga Kano ku ji daga bakinta."

Na kira Malama Rabi, na danna sifika, na ɗaga wayar sama yadda kowa zai ji. Ban gaya mata a sifika take ba. Na ba ta labari a taƙaice, na rufe da cewa, "Na dai yi musu bayani matsalar daga injin ce."

Ta ce, "Dakata in buɗe. Ka san duk abin da Wakili ya zaɓa yana rubuta dalilinsa."

Ban sani ba. Wato an faɗa a wurin horo, amma a lokacin ina waje ina amsa waya.

Ana jin ƙarar madannanta daga Kano. Can ta ce, "To, maganar dattijon ta shiga daidai. Kara ya ce, kara aka rubuta. Kunnen injin lafiya lau. Yanzu ga bayanin da ka rubuta a kayan aikin shigar da ƙara: 'A yi amfani da wannan idan manomi ya zo da maganar kara a gonar wani.' Ka sa k marar lanƙwasa. Kusan kalma da kalma abin da dattijon ya faɗa ke nan."

Na ji dagaci ya yi wani ɗan tari da na sani tun aji huɗu.

Na ce, "E to, Malama, wannan ɗan kuskuren madanni ne..."

"Da wannan kaɗai ne da sauƙi, don da ya ga kayan aiki biyu sun yi kama, wataƙila ya tambaya. Abin da ya yanke masa shawara shi ne bayanin ɗayan, na karan dabbobi. Bari in karanta maka."

A daidai nan na tuna. Na tuna bencin mai shayi, na tuna an miƙo min farantina lokacin da na iso kan wannan kayan aikin, na tuna abin da na rubuta don in ba kaina dariya, da niyyar in goge daga baya. Na kai yatsa zan kashe sifikar. Dagaci ya ɗaga hannu.

"Bar ta."

Malama Rabi ta karanta, a hankali, yadda take komai: "'Kara da harawa da sauransu. Zan cike daga baya. Ai tsofaffin garin nan ba za su taɓa amfani da wannan ba, ko kunna waya ba su iya ba.'" Ta ɗan tsaya. "Ga kuma dalilin da Wakili ya rubuta: 'Mai magana dattijo ne ɗan garin. Bayani ya ce tsofaffin garin ba sa amfani da wannan kayan aikin. Saboda haka na ɗauki ɗayan.' Ka gani? Bai yi kuskure ba. Biyayya ya yi maka."

Ban san tsawon shirun da aka yi ba. Na san dai ɗaya daga cikin shanun Kawu ya yi kuka a waje, kuma na yi fatan ni ne shi. A zauren nan, in ka cire ni da 'ya'yan Malam Sa'idu, babu wanda bai haura sittin ba. Hannuna yana sama da waya har yanzu, na rasa yadda ake sauke shi.

Malama Rabi ta ce, "Kana ji na? Wai su wa ke kusa da kai ne?"

Dagaci ya matso da bakinsa ya ce, "Tsofaffin ne, Malama. Barka da hantsi."

Ta yi salati a hankali. Suka gaisa da dagaci cikin mutunci, ta ba da haƙuri a madadin ƙungiya, ta ce za ta yi magana da ni daga baya. Wannan "daga baya" ya fi komai tsaya min a rai.

Malam Sa'idu ne ya fara motsi. Ya juya ya dubi Kawu sosai, karo na farko tun shigowarmu.

"Iro, da gaske kara kake so?"

"Kara."

"To me ya hana ka tako ka faɗa min?"

Kawu ya ce, "Shekara nawa rabon da in tsaya a ƙofarka da buƙata? Bakina ne ya yi nauyi. Ɗan Hajara ya ce waya ta fi sauri."

"Ta yi saurin kuwa," in ji Malam Sa'idu. "Kwana biyu ban runtsa ba. Har Malam Audu na sa aka ɗauko, ga shi ko zama ba ya iya yi."

Malam Audu, tsohon da aka riƙo, ya tambaya ko an fara shari'ar ne. A nan dariya ta ƙwace wa magatakarda, ta bi zauren. Kowa ya yi, har Malam Sa'idu yana share ido da hannun riga. Mutum biyu ne ba su yi ba, ni da Kawu.

Dagaci ya ce, "Magatakarda, kashe ƙarar. Mai lanƙwasar nake nufi." Sannan ya juyo kaina. Bai zage ni ba, ina ma ya zaga. Ya ce shekara guda ya yi yana koya mana bambancin waɗannan haruffa, kuma yana tuna wanda ke zama a layin baya yana zana mota. Ya yanke hukunci biyu. Na farko, tunda ni na haɗa tafiyar, ni zan loda karan da hannuna. Na biyu, kullum bayan la'asar zan zo zauren nan in karanta wa tsofaffin da ba su iya kunna waya ba duk abin da na rubuta, layi-layi, su faɗi nasu.

Haka na je gonar Malam Sa'idu da farar shadda na yi ta rungumar karan dawa. Wanda bai taɓa yi ba, ba zai gane ƙaiƙayin ba, har cikin kunne. Su biyun suka zauna a inuwa suka kwance goron Kawu, suna ba da umarni. "A ɗaure da kyau, Injiniya." "Wancan damin ya karkace." A kan wannan dai bakinsu ya zo ɗaya.

Muka kamo hanyar dawowa da Kawu har muka kusa gari. Ya tsayar da shanu, bai dube ni ba, ya ce, "Kuskuren rubutu kowa na yi. Cewa ba mu iya waya ba, wannan ma gaskiya ce, ban iya ba. Amma da na tambaye ka me ya kai mu ƙofar dagaci, ka ce Sa'idu ne ya nema. Kwana biyu ina murna da maganar da ba a yi ba. Da ka ce ba ka sani ba, me zai ragu a jikinka?"

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, ya kaɗa shanunsa. Duk dariyar zaure ba ta yi min zafin wannan ba.

Washegari Malama Rabi ta kira. Na riga na shirya jin an sallame ni, har na fara tunanin yadda zan gaya wa Inna. Ba ta kore ni ba. Ta turo min sabuwar takardar rahoto babu komai a ciki, ta ce, "Wannan karon ka bar Wakili ya faɗi. Inda ya faɗi nan ne aikinka yake. Tun ranar da ka ce min ko ɗaya na san ba ka fita daga inuwa ba, laifina ne da ban bi ba."

Zaman zaure ya ɗauke mu kusan wata guda, kuma ban taɓa shan jarrabawa irinta ba. Tsofaffin nan suka mai da shi abin nishaɗi, har waɗanda ba a gayyata ba suna zuwa da tabarmarsu. Kowa zai faɗi magana yadda zai faɗa wa maƙwabcinsa, in ba Wakili, mu ga abin da zai ɗauka. Wani ya ce, "Wuta-wuta ta cinye min gona." Wakili ya nufi kiran gaggawa na gobara, alhali ciyawar nan mai kashe dawa ake nufi. Kawu ya ce, "Sana ya daina tuƙa." Wakili ya tafi neman direba, alhali bijiminsa ne ya daina tuƙar abinci. Duk lokacin da ya kauce sai a ce, "Karanta mana abin da ka rubuta masa." In karanta, sai wani ya ce, "To ai ni ma aka ba ni wannan, abin da zan yi ke nan." A bayanin likitan dabbobi na rubuta "idan dabba ba ta da lafiya," alhali ba mai cewa haka. Cewa ake ta ƙi kiwo, ta kwanta, hancinta ya bushe, tana zawo.

A hankali na koyi rubuta wa Wakili yadda ake yi wa baƙo kwatance: ga lokacin da za ka ɗauki wannan, ga lokacin da ba za ka taɓa shi ba, ga yadda mutanen nan ke faɗin abin, in kuma ka yi shakka ka tambaya kafin ka aikata. A kan na shigar da ƙara, dagaci da kansa ya sa aka ƙara layi: kada a tura sai an tambayi mutum, shari'a kake nufi? Shi yake duba rubutun ƙarshe da jan biro, a kan takarda, don ya ce bai yarda da wayata ba. Rahoton da na tura a ƙarshe cike yake da kurakurai da gyaransu, shafi bayan shafi. Malama Rabi ta amsa da kalma ɗaya, "Yawwa."

Kawu da Malam Sa'idu suna gaisawa yanzu, har sukan tafi kasuwar Ɗanbatta a mota ɗaya. Ba zan ce sun zama aminai ba, kowannensu yana nan a kan bakansa game da kakan da ya yi shuka. Ni kuwa har yau idan na wuce majalisar dattawa sai wani ya ɗago wayarsa ya ce, "Zo ka kunna min, ɗana," alhali tana kunne, yana ma sauraron labarai a ciki.

Abin da na ɗauka daga wannan tereren ba shi da yawa. Duk abin da ka rubuta kana cewa ba mai karantawa, akwai mai karantawa, kuma shi ba ya tsallake layi, ba ya gane wasa, ba ya rufa maka asiri. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, "bari in duba" ba ta taɓa kashe kowa ba. Sannan in har za ka kira shaida a gaban jama'a, ka fara jin abin da za ta faɗa a kunnenka kai kaɗai.